Tucson ta 2022 da ta 2025: fasalin jiki da dashbod mai taɓawa, wacce ta fi dacewa da titinmu?

Baban_Ummi

Assalamu alaikum 'yan'uwa masana mota. Shawara nake nema a kan Hyundai Tucson sabon zubi, wadda ta fara fita a matsayin ƙirar 2022, da kuma wadda aka yi wa kwaskwarima a 2025. Ba maganar inji nake yi ba yanzu, abu biyu ne suka tsaya mini a rai.

Na farko jikinta. Gaban nan mai fitilu a cikin raga, da layukan da suka kakkarya ƙofofi, kyau ne kawai ko akwai wahalar da ke biyo baya ranar da aka goge ta? Na biyu dashbod. Babbar ta 2022, wato Limited, babu mamurɗi ko ɗaya a tsakiyarta, har esi ma da taɓawa ake sarrafa shi. Wasu sun ce da an saba shi ke nan, wasu sun ce fitina ce a kan hanya. Shin bambancin ya kai mutum ya ƙara kuɗi ya ɗauki ta 2025, ko ya sauko daga Limited zuwa ƙaramar ta 2022? A Kano motar za ta zauna, sai tafiyar Kaduna da Abuja jefi-jefi. Na gode.

Rewaya_Ƙofar_Ruwa

Wa alaikumus salam Alhaji. Bari in ɗauki na biyun, shi ne ɓangarena.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne Tucson ta 2022 ba dashbod ɗaya gare ta ba. 'Yan Amurka da ake kawo mana iri biyu ne a tsakiya. Ƙananan, irin su SE da SEL, allonsu inci 8 ne, kuma suna da 'yan gare-gare guda biyu da ake murzawa da yatsa, ɗaya na ƙarar sauti ɗaya na neman tasha. Manyan kuwa allonsu inci 10.25 ne, kuma duk abin da ke ƙarƙashinsa baƙin faranti ne sumul mai ƙyalli: ƙarar rediyo, zafi da sanyi, ƙarfin fanka, inda iska za ta fito, duka taɓawa. Wani abin mamaki kuma, mai inci 8 ɗin ce ke haɗa Apple CarPlay da Android Auto, masu kawo manhajojin wayar salula kan allon mota, ba tare da kebul ba, mai inci 10.25 sai ka soka kebul. Wato a wannan fannin ƙaramar ta fi babbar.

Farantin ba danna shi ake yi ba. A bayansa akwai siririn shimfiɗi mai ɗaukar lantarki, shi ke jin canjin da fatar yatsa ke kawowa idan ta kusanto. Daga nan duk matsalolinsa suka samo asali. Babu tudu babu kwari da yatsa zai lalubo, don haka dole ido ya bar titi ya nemo wurin. Ɗigon ruwa ko gumi ko maiƙo suna rikita shi, wani lokaci ya ƙi amsawa, wani lokaci ya amsa abin da ba a ce masa ba. A kan hanya mai gargada kuma hannu yana rawa, ka nufi fanka ka sauka a kan abin da ke kusa da ita. Sannan ka yi lissafin sanyi: idan motar tana kan ma'aunin Salsiyas, kowace taɓawa rabin digiri take matsawa. Daga 24 zuwa 20 taɓawa takwas ke nan, ko ka ɗora yatsa ka riƙe kana kallon lamba tana sauka. Mamurɗi kuwa juyi ɗaya ne, ido na kan hanya.

Rana ma tana da nata. Rubutun farantin haske ne ke fitowa ta bayansa, to da tsakar rana idan ta faɗo ta gilashin gaba ko ta rufin gilashi, rubutun yakan dushe, abin da za ka gani sai shatin yatsu da ƙura. Lokacin hunturu kuwa ba a magana. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ja hankici ko takardar goge hannu a share shi a bushe. Ƙurarmu yashi ce mai laushi, kowane shafi tana barin zane, cikin 'yan watanni farantin ya yi hazo. Yadda ake yi: a kashe mota tukuna, don in tana kunne shafi ɗaya zai kunna maka abu biyar. A hure ƙurar ko a kakkaɓe da burushi mai taushi, sannan a goge da tsumman maikurofaiba da aka ɗan jiƙa da ruwa mai tsabta. Ruwan a kan tsumma ake zubawa, ba a fesa shi a kan allo, domin yana bin gefe ya shiga ciki. A guji maganin wanke gilashi mai amoniya da man da masu wankin mota ke shafa wa dashbod don ya yi ƙyalli.

Wanda ya riga ya mallake ta, ga hanyar zama lafiya da ita. Kafin ka tashi, sa esi a AUTO, ka tsayar da shi a 22 ko 23, ka kunna SYNC don ɓangaren fasinja ya bi naka. Maɓallin AUTO ɗin yana da mataki uku na ƙarfin iska, in ka sake taɓa shi sai ya canza mataki, don haka ba ka buƙatar taɓa fanka. Da ka taɓa fanka da hannu ka cire ta daga sarrafa kanta, sai ka dawo kana ta gyara. Ƙarar sauti da canjin tasha kuwa a sitiyari za ka riƙa yi, na can maɓallai ne na gaske.

Ta 2025 ita ce amsar da Hyundai da kanta ta bayar. An sake dashbod ɗin gaba ɗaya. Allon ya koma inci 12.3, a manyan kuma allo biyu ne a jere cikin gilashi ɗaya mai ɗan lanƙwasa. Mamurɗin ƙara da na tasha sun dawo, akwai jerin maɓallai na dannawa, zafi da sanyi ma mamurɗi biyu ne, na direba da na fasinja. Haɗa waya ba kebul ya zama na kowa. Amma kar a ce maka taɓawa ta ƙare: a masu esi mai sarrafa kansa, fanka da zaɓin inda iska ke fitowa har yanzu a kan ɗan faranti suke tsakanin mamurɗan biyu. Sai dai abubuwan da hannu ya fi zuwa wurinsu an fitar da su, kuma su ne suka fi muhimmanci.

Mai_Bugun_Bodi

Alhaji Baban Ummi, barka da ƙoƙari. Oga Rewaya ya gama da ciki, ni bari in zagaya da kai waje.

Maganar kyau kowa da idonsa. Ni dai a ganina motar ta yi, musamman da daddare idan fitilun ragar suka kama. Amma tambayarka ta ranar gyara ita ce ta mai hankali, don a nan ne kuɗi ke fita.

Fara da gaba. Waɗannan fitilun da ke cikin raga, guda biyar-biyar a kowane gefe a ta 2022, fitilun rana ne, ba su ne masu haska hanya ba. An shafa wa cikin gilashinsu wani siririn ƙarfe mai kama da madubi, shi ya sa idan an kashe su suke sajewa da ragar kamar ba fitila ba. Ainihin manyan fitilun suna ƙasa, a kusurwoyin bamba. To ka tuna tsayin da adaidaita sahu da babur suke gogar mota a go-sulo. Daidai nan ne. A tsohuwar mota irin wannan gugar bamba kawai take ci, a yi fenti a wuce. A wannan kuwa guga ɗaya tana iya haɗawa da babbar fitila, in ta ɗan hau sama ta taɓa ta ragar, kuma a manyan samfura fitilar LED ce a rufe, ba ƙwai ake canzawa ba, dungurungum ake saye. Ta ragar kuma ba ta karɓar liƙi: da gilashin ya tsage, ruwa ya shiga, shafin madubin ya fara ɓarewa, gefe ɗaya ya bambanta da ɗaya ko da rana. A ta 2025 an rage su zuwa huɗu-huɗu manya, an sake bamba, amma manyan fitilu suna nan a ƙasa inda suke. Don haka a wannan matsalar babu wadda ta tsira. Kuma ka sani kayan gaban 2022 zuwa 2024 ba sa hawa kan ta 2025, kuma na tsohuwar sun fi samuwa a kasuwa yanzu saboda ta fi daɗewa a hanya.

Sai gefe. Layukan nan masu kaifi da suka haɗu kamar kusurwar alwatika a kan ƙofofi, injin matsa ƙarfe ne ya fitar da su a masana'anta. Idan lotsawa ta faɗa a fili tsakanin layi da layi, da sauƙi, ana turo ta daga ciki ko a jawo ta, wani lokaci ma ba sai an taɓa fenti ba. Idan kuwa ta faɗa a kan layin kansa, ƙarfen ya riga ya miƙe a wurin, guduma ba ta mayar da kaifin yadda yake. Abin da yawancin masu gyara ke yi shi ne su cika fila, wato ƙullun cike lotsawa, su sassaƙa layin da hannu. A inuwa ba za ka gane ba, amma da hasken yamma ya kwanta a jikin motar za ka ga layin ƙofar gaba bai haɗu da na baya ba. Fila mai kauri kuma zafinmu yana tsattsaga ta. Shawarata, in layi ya karye sosai, a nemo ƙofar Baljiyam a yi mata fenti, ya fi a yi ta fama. Wannan kuma makami ne a hannunka wurin saye: tsuguna a ƙarshen motar ka kalli layukan a kwance daga fitilar baya zuwa ta gaba. Mota mai santsin jiki tana ɓoye haɗari, wannan ba ta iyawa.

Launi ma yana da tasiri. Fari yana haɗiye layukan, ya ɓoye ƙura da ƙananan lotsawa. Baƙi da toka mai duhu suna fito da zubin sosai, suna kuma fito da kowane aibi.

A baya akwai abu uku. Waifa tana ɓoye a ƙarƙashin hular da ke saman gilashi, wannan dabara ce mai kyau don rana ba ta cin robarta da wuri. Tambarin Hyundai a jikin gilashin yake, ba a kan ƙarfen but ba. Tirafiketa da fitilar ribas kuwa an saukar da su cikin bamba. Wannan na ukun ban so shi ba: direban tirela ko babbar bas da ya matso ka a cunkoso da ƙyar zai ga kana sigina, kuma duk wanda ya taɓa ka ta baya ya taɓa fitila.

Kar ka manta da abin da ke ɓoye. Akwai rada a gaba a masu na'urar kiyaye tazara, akwai wasu biyu a kusurwoyin bambar baya masu lura da motar da madubi bai nuna ba, akwai kuma kyamara a bayan gilashin gaba. In an cire bamba ko an canza gilashi, sai an daidaita su da kwamfuta. Fila ko fenti mai kauri a kan inda radar baya take yana sa ta yi ta ƙarar ƙarya ko ta yi shiru lokacin da ya kamata ta yi magana.

Taya: Limited rim 19 take zuwa da shi, 235/55. Ƙananan rim 17 ne, 235/65. Kaurin gefen tayar farko kusan milimita 129 ne, na biyu kusan 153. Wannan bambancin na milimita ashirin da 'yan kai shi ne tsakanin ka faɗa rami ka wuce da ka faɗa ka lanƙwasa rim. Rim 19 ya fi cika ido, amma ga mai bin hanyar Kaduna 17 ko 18 ya fi kwanciyar hankali. Kuma 'yar Amurka mai jan ƙafa huɗu ta fi tsayi daga ƙasa, wajen milimita 210, mai jan gaba kawai wajen 180.

Maman_Sadiq

Sannunku da aiki. Ina so in ƙara wa maganar Malam Rewaya lissafi, saboda masu cewa "da an saba shi ke nan" ba su auna abin da sabo ba ya iya gyarawa ba.

Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kallo na daƙiƙa biyu a kan dashbod ya zama mita 55 da ka yi ba ka ga titi ba. Hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka, NHTSA, a ƙa'idojin da ta fitar a 2013 ta shawarci masu ƙera mota cewa kada wani aiki a allo ya buƙaci kallo ɗaya da ya wuce daƙiƙa biyu, kada kuma jimillar kallon ta wuce daƙiƙa 12. Sabo yana koya maka inda abu yake a ƙwaƙwalwa, amma yatsa ba shi da abin da zai kama, don haka ido sai ya tabbatar. A mamurɗi hannu ne ke tabbatarwa.

An ma gwada. A 2022 mujallar motoci ta ƙasar Suwidin, Vi Bilägare, ta sa direbobi su yi ayyuka iri ɗaya a motoci daban-daban suna gudun kilomita 110: ƙara zafi, canza tashar rediyo, goge lissafin tafiya, rage hasken dashbod da makamantansu, kuma an ba su lokaci su saba da kowace mota kafin a fara. Tsohuwar Volvo V70 ta 2005, mai maɓallai zalla, an gama da ita cikin daƙiƙa 10. Wadda ta fi muni a cikin sababbin, MG Marvel R, ta ci kusan daƙiƙa 45, tafiyar da ta haura kilomita ɗaya. Euro NCAP, masu ba motoci taurarin aminci a Turai, su ma sun sanar cewa daga 2026 za su riƙa duba ko tirafiketa, fitilar gargaɗi, ham, waifa da kiran gaggawa suna da abin sarrafawa na zahiri kafin mota ta samu cikakken maki.

Don adalci, Tucson ta 2022 ba ta taɓa waɗannan ba. Waifa da tirafiketa sanduna ne a sitiyari kamar kowace mota, fitilar gargaɗi ma maɓalli ce ta dannawa. Laifinta a esi da sauti yake. Amma a garin da ake kai digiri 40 a watan Afrilu, esi ba abin ado ba ne, hannu yana zuwa wurinsa sau da yawa a tafiya ɗaya. Sannan da damina, lokacin da gilashi ya yi raɓa ta ciki ana tsakiyar ruwa, a nan ne za ka so maɓallin busar da gilashi ya zo hannunka ba nema.

Sarkin_Tuƙi

Ni ban yarda a ce wa Alhaji ya sauko daga Limited saboda mamurɗi ba. Ana ta lissafa abin da zai samu, ba a lissafa abin da zai rasa.

Limited tana da kyamarori huɗu masu nuna motar daga sama kamar tsuntsu ne ke kallo. Tana da wadda ke nuna maka gefen motar a allon gaban sitiyari da zarar ka sa tirafiketa. A Kano, inda babur ke fitowa ta inda ba a zato, wannan ya fi mamurɗin ƙara amfani nesa ba kusa ba, kuma shi ne zai tsare maka fitilun nan masu tsada da Oga mai bodi yake magana a kansu. Ga kujerun gaba masu hura wa mutum iska a bayansa, wanda duk mai shiga mota da babbar riga da azahar ya san darajarsu. Ga kuma DIFFUSE, wanda ke watsa iskar esi ta ƙananan ramuka a faɗin dashbod maimakon ta doki fuska. SE ba ta da ko ɗaya a cikin waɗannan.

Hajiya, lissafinki daidai ne, amma ya shafi wanda ke wasa da esi yana gudu. Wanda ya sa AUTO tun a gida, me zai kai hannunsa can?

Ta fuskar kyau kuma, ni dashbod ɗin 2022 ya fi burge ni. Yadda layin azurfa ya taso daga ƙofofi ya zagayo ya gangaro tsakiya, da allon gaban direba da aka bari ba rumfa, abin yana da nasa hali. Na 2025 allo ne dogo a kan shiryayye, irin wanda ke cikin kusan kowace Hyundai da Kia yanzu. Abu ɗaya da na yarda ta 2025 ta fi shi ne giya. Limited ta 2022 maɓallai ne P, R, N, D a tsakiya, kuma wurin juyawa a lungu sai ka duba ƙasa kowane canji. A manyan 2025 an mayar da ita sanda a jikin sitiyari, ka murɗa gaba ka tafi, ka murɗa baya ka yi ribas, tsakiyar ma ta samu fili.

Maman_Sadiq

Malam Sarkin Tuƙi, kyamarorin na ba ka gaskiya. AUTO kuwa yana aiki ne idan kai kaɗai ne a motar. Da ka ɗauki iyali, wannan ta ce sanyi ya yi yawa, yaro ya ce zafi, an wuce inda ake ƙona shara ana son rufe iskar waje. Ba direba ne kaɗai ke yanke sau nawa za a taɓa esi ba.

Baban_Ummi

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Oga Rewaya, saura abu biyu. In na je duba ta 2022 Limited, me zan gwada a dashbod kafin in biya? Kuma in allon ya mutu daga baya, ana iya cire shi a sa irin na Android da ake sayarwa?

Rewaya_Ƙofar_Ruwa

To Alhaji, ka je da rana, ka ce a fito da ita fili, kada a nuna maka ita a rumfa. Matsalar allo da zafi take bayyana.

Kafin a tayar, a auna batir. Lafiyayye a kwance yana ba da wajen bolt 12.4 zuwa 12.6. Batir mai rauni yana sa allo ya ɗauke ya dawo lokacin tayarwa, yana kuma kunna fitilun gargaɗi barkatai, sai a ɗora wa allo laifin da ba nasa ba. A kan sandar batir ta baƙar waya akwai ɗan sensa, ka tabbata yana nan kuma a haɗe, don masu canza batir suna yawan karya shi. In motar mai kashe kanta ce a tsayawa, batirin AGM take so, ba kowane ba.

Bayan an tayar, ka bar ta tana aiki minti ashirin ba wanda ya taɓa komai, kai kuma kana kallo. In fanka ta ƙaru da kanta alhali ba a AUTO take ba, ko shafi ya buɗe ba a taɓa ba, akwai danshi ko tsatsa a ciki. Sannan ka bi kowane rubutu a farantin ɗaya bayan ɗaya da taɓawa mai sauƙi, ba dannawa ba. Wanda sai an matsa ko an maimaita kafin ya amsa, ya fara mutuwa. A allon kansa ka buɗe inda ake rubutu, ka taɓa haruffan gefe da na kusurwa, don daga gefe yake fara lalacewa. Dubi gefen gilashin ko akwai kumfa ko wurin da ya yi kamar ruwa ya kwanta, alamar gam ɗin da ya haɗa shi ya fara saki saboda zafi. Sa ribas ka ga kyamara ta fito nan take, ka kunna mai nuna sama ka tabbata hotuna huɗun sun haɗu ba karkace. In sun karkace, an taɓa canza madubi ko raga ba a daidaita ba. Je da kebul naka mai ɗaukar bayanai, ba na caji kawai ba, ka soka a ramin USB na gaba ka ga wayar ta hau.

Babban abin tsoro shi ne motar da ruwa ya ci a can aka sayar a gwanjo. Ɗaga kafet ta ƙarƙashin kujera, shinshina, dubi ƙarafan kujera da kawunan wayoyi ko akwai tsatsa ko kore-kore, ka kuma bincika tarihin lambar VIN, wato lambar shaidar motar daga masana'anta. Lambar tana gaya maka inda aka ƙera ta: mai farawa da 5NM daga Alabama take, KM8 daga Koriya, TMA daga Jamhuriyar Cek. Ta Cek ita ce ta Turai, kuma gajera ce, tsakanin tayoyinta na gaba da na baya milimita 2,680 ne, ta Amurka kuwa 2,755. Ƙofofin baya da wasu kayan jikinsu ba sa shiga juna, sai a kula wurin odar kaya.

Akwai abubuwan da za ka tarar ba sa aiki kuma ba lalacewa ba ce. Taswirar cikin 'yar Amurka ba ta da Najeriya, Google Maps ta waya za ka riƙa amfani da ita. Bluelink, mai haɗa motar da waya daga nesa, da SiriusXM, rediyon tauraron ɗan adam, ba sa yi a nan. Rediyonta a FM tana tsalle ne a kan lambobin mara, 88.1, 88.3, 88.5, don haka tashar da ta ƙare da lambar cika ba za ta zauna daidai ba. A AM kuma tana tafiya goma-goma, mu kuwa tara-tara muke. Farenhait da mil ana canza su a saituna.

Batun Android, ban ba ka shawara ba a kan Limited. A ido faranti ɗaya ne, amma na'urar sauti da allo daban take da na'urar esi, kowacce da lambar kayanta. Wato in esi ya daina amsawa ba sai an sayi allo ba, kuma in allo ya mutu esi yana ci gaba da aiki. Amma a cikin allon asali ne saitunan motar suke: gargaɗin fita layi, yadda ƙofofi ke kullewa, fitilu, kyamarori huɗu, da haɗin amfilifayar Bose. Na Android yana bin wani ɗan akwati mai fassara saƙonnin motar, kuma ba duka yake fassarawa ba. Sau da yawa kyamarar sama ke tafiya, ko sauti ya ragu, ko ya ƙi barci bayan an kashe mota ya shanye batir cikin dare. In na asali ya mutu, a karanta lambar da ke jikinsa a nemo irinsa daidai, na kasuwar da motar ta fito, sannan a saita shi da kwamfutar Hyundai ya san kayan da motar ke ɗauke da su. Kariyarsa kuma mai arha ce: abin tare rana a gilashin gaba duk lokacin da aka ajiye ta a fili, domin saman dashbod a rana yana iya wuce digiri 70.

Dillalin_Kwatano

Ranka ya daɗe Baban Ummi, tunda ba ka biya ba tukuna, ka leƙa maƙwabta.

Kia Sportage ta 2023 'yar gida ɗaya ce da Tucson, ƙashi ɗaya inji ɗaya. Ita tana da mamurɗi biyu, amma a yawancinsu siririn faranti ɗaya ne ke yin aikin esi da na rediyo, sai ka taɓa wata alama ya juya daga wannan zuwa wancan. Mamurɗin hagu shi ne ƙara, shi ne kuma sanyi, ya danganta da fuskar da aka bari. Ka kai hannu za ka rage wa'azi don amsa waya, sai ka ga ka sauke esi zuwa ƙarshe. Toyota Venza ta 2021 mai babban allo ita ma taɓawa ce a esi da sauti, kada sunan tsohuwar Venza da muka sani ya ruɗe ka. Honda ma ta taɓa shan wannan darasin: ta cire mamurɗin ƙara a Civic ta 2016, mutane suka yi ta ƙorafi, ta dawo da shi a CR-V ta 2017. CR-V ta 2023 kuwa mamurɗi uku ne reras na esi. RAV4 daga 2019 nata manya ne masu roba a jiki, ko da jiƙaƙƙen hannu suna kamuwa. Waɗannan biyun ba su kai Tucson ɗaukar ido ba, amma kayansu da masu gyaransu sun fi yawa, kuma sun fi saurin fita ranar sayarwa.

In dai Tucson ɗin ce a ranka, ga yadda nake ganin jerin. In aljihu ya kai, babbar ta 2025, don ita ce ta haɗa kyamarorin da Sarkin Tuƙi ke yabo da mamurɗan da Hajiya ke nema. In bai kai ba, kuma yawancin tuƙinka cikin gari ne, Limited ta 2022 da ta ci gwajin Oga Rewaya. In kuwa hanyar Abuja za ta yi yawa, ko direba ne zai riƙa ja, ko mutum fiye da ɗaya, SEL mai inci 8 da rim 17. Ka dai duba farantin esinta da idonka, don wasu SEL ɗin an ƙara musu kaya sun zo da esi mai taɓawa duk da ƙaramin allo. Ka kuma tambayi giyar: 'yar Amurka mai inji 2.5 giya takwas ce ta gargajiya, amma wasu masu 1.6 turbo na Turai da Koriya giya bakwai ce mai kuloci biyu busassu, wadda ba ta son jan ciki a go-sulo.